KAFIN MU CE YARO BA SHI DA BAIWA, MU DUBA KARAN DA KE BAKINSA



Da can, in an shiga majami'a a ƙasarmu ta Arewa, abin da kunne zai ji shi ne ganga, da tulu da caki na Zumuntar Mata, sai kuma begilar yaran Boys' Brigade ranar maci. Yanzu abubuwa sun ƙaru. Ikkilisiyoyi da dama sun sami ƙahonin tagulla, da saksafon, da wani baƙin abin busa mai maɓallai farare da ake kira kilarinet. Wasu saye suka yi, wasu kuwa kyauta aka aiko musu. Mun gode wa Allah domin wannan. Amma mun lura cewa a wurare da yawa kilarinet ba ta daɗewa a hannun samari. Bayan wata biyu ko uku sai a same ta kwance cikin akwati a ofishin Fasto, ana cewa ta lalace, ko kuwa yaron da aka ba shi ba shi da baiwa. Sau da yawa ba kilarinet ce ta lalace ba, yaron kuma ba shi da laifi. Laifin yana wurin wani ɗan siririn kara da bai kai tsawon yatsa ba, wanda 'yan band ke kira rid. A kansa za mu yi magana yau, domin mu ma mun taɓa yin wannan kuskure.

ABIN DA YA FARU A WURINMU

Kutemeshi tana gabashin ƙasar Birnin Gwari, yanki ɗaya da Kuyello, da Tabanni, da Dogon Dawa. Ƙasar noma ce, ta dawa da masara. Duk mai sauraron labarai ya san wahalar da mutanen wannan yanki suka sha a hannun 'yan bindiga shekara da shekaru, Musulmi da Kirista baki ɗaya. Tun a watan Oktoba 2012 aka kashe masallata a Dogon Dawa, a watan Mayu 2018 kuma aka yi kisan Gwaska. Gidaje da yawa sun bar gonakinsu sun koma birane. A watan Nuwamba 2024 ne gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe.

Cikin waɗanda wannan wahala ta koro zuwa Kaduna akwai wani iyali daga wajen Kutemeshi da suka shiga ikkilisiyarmu. Suna da yaro ɗan shekara goma sha huɗu, mai shiru-shiru, ba ya shiga cikin sa'o'insa. Da aka ba ƙungiyar mawaƙanmu kyautar kilarinet ta hannu, sai muka ga ya tsaya yana kallonta. Muka ce bari a ba shi, ko wannan zai sa ya saki jiki. A cikin akwatin mun tarar da rid guda ɗaya tak. Muka ɗaura masa, muka ce ya je ya yi ta gwadawa.

Mako uku yaron nan yana fama. In ya busa, ko dai iska ce kawai ke fita, ko kuwa wata ƙara mai tsini kamar ta ɗan tsako da shaho ya ɗauka. Jijiyoyin wuyansa su tashi, leɓensa na ƙasa ya kumbura. Sauran yara suna ta dariya. Mu da ke kwamitin mawaƙa muka yanke shawara a karɓe ta a ba wani.

Allah ya sa a ranar akwai wani dattijo cikinmu, wanda ya yi aiki a bandin 'yan sanda kafin ya yi ritaya. Ya ce, "Ɗana, miƙo mini ita." Bai busa ba. Ya kwance rid ɗin, ya ɗaga shi wajen taga, ya juya bayansa, sai ya girgiza kai. Ya ce mana lamba 4 ce, irin ta ƙwararru, ga kuma tsaguwa a bakinta. Ya ce ko shi da ya shekara talatin yana busa ba zai fitar da waƙa da wannan ba.

Sai yaron, wanda da ƙyar muke jin muryarsa, ya ce, "Baba, ashe kamar na karan dawa ne. In harshen ya yi kauri ba ya kuka." Dattijon ya ce, "Ka gama sanin rabin aikin."

Mako na gaba aka kawo rid mai lamba 2. Kafin a tashi daga koyon waƙa a ranar, yaron ya busa sautuka biyar a jere, kowanne a fili. Kunya ta kama mu. Saura kaɗan mu gaya wa yaron da ya riga ya rasa gida da gona cewa a gidan Allah ma ba shi da amfani.

KARAN DAWA DA KARAN FARANSA

Abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, ya kuma kamata mu tsaya a kansa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da yara da samari ke yi bayan an yanke dawa. Sukan zaɓi gaɓar kara mai kyau, su fitar da totuwar ciki, su tsaga ɗan harshe kusa da ƙarshe ɗaya ba tare da sun cire shi ba. Sai a riƙe karan a gicciye, a sa baki a kan harshen, a busa, ana rufe ɗaya ƙarshen da hannu ana buɗewa don sauti ya canja. A ƙasar Hausa ana kiran wannan tilɓoro, wani irinsa kuma damalgo. David Ames da Anthony King, waɗanda suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, sun sa shi cikin dangin kilarinet, domin da harshe ɗaya yake kuka. Algaita ta fadar sarakuna kuwa harshe biyu gare ta, suna kaɗawa a tsakaninsu, saboda haka danginta dabam ne.

Kilarinet ta Turawa ta fito ne wajen shekara ta 1700 a birnin Nurembag na Jamus, ana kuma danganta ta ga wani maƙerin kayan busa mai suna Johann Christoph Denner. Masu tsada daga cikinsu da wani baƙin itace na Afirka ake yin su, wanda aka fi sarowa a Tanzaniya da Mozambik. Na masu koyo yawanci na roba mai tauri ne, wannan kuwa alheri ne a gare mu, gama ba sa tsagewa da hunturu. Amma ko ta itace ce ko ta roba, jikin kilarinet ba ya yin sauti da kansa. Rid ne ke kaɗawa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, yana buɗe hanyar iska yana rufewa, jikin kuma ya mai da wannan kaɗawa ta zama waƙa. Bambancinta da tilɓoro shi ne, harshen kilarinet ba a jikinta aka tsaga shi ba. Dabam ake sassaƙa shi, a ɗaura a bakin da ɗan ƙarfen ɗauri, in ya mutu a sake wani.

Karan da ake yin rid da shi wani dogon kara ne mai kama da gora, wanda masana ke kira Arundo donax. Wanda ya fi suna shi ne na yankin Var a kudancin Faransa, kusa da Bahar Rum. Akan bar shi shekara biyu a gona, a yanke shi lokacin sanyi, a shanya, a ajiye shi ya ƙara shekara ɗaya ko biyu yana bushewa kafin inji ya sassaƙa shi. Kamfanoni biyu ne sunansu ya fi yawo a hannun masu busa: Vandoren na Faransa, wanda aka kafa a 1905, da Rico na Amurka, wanda kamfanin D'Addario ya saya a 2004.

Abin da muke so mu riƙe a nan shi ne, rid amfanin gona ne. Manomi ya san kara biyu daga kunya ɗaya ba sa zama daidai. Haka nan rid goma da ke cikin kwali ɗaya, masu lamba ɗaya, ba za su yi kuka iri ɗaya ba. Wani zai yi daɗi tun ranar farko, wani sai an saba da shi, wani kuwa ba zai taɓa yin kyau ba. Wannan ba zamba ba ce, halin kara ne. Shi ya sa mai koyo ke bukatar sanin yadda ake tantancewa.

LAMBA NAWA ZA A SAYA?

A bayan kowane rid akwai lamba, daga 1 zuwa 5, ana hawa rabi-rabi. Mutane da yawa suna zaton lamba babba ita ce mai kyau, kamar makin jarrabawa. Ba haka ba ne. Lambar tana nuna taurin karan ne kawai. Ƙaramar lamba tana da laushi, tana kaɗawa da iska kaɗan. Babbar lamba tana da tauri, sai leɓen da ya ƙware da numfashi mai ƙarfi.

Mai koyo ya fara da 2, ko 2½ in babban saurayi ne ko budurwa. Bayan watanni, in leɓe ya yi ƙarfi, ya ga sautukan sama suna shaƙewa ko suna faɗuwa ƙasa da inda ya kamata, sai ya ƙara rabi. Masu busa da yawa da suka ƙware suna tsayawa a 3 ko 3½ duk rayuwarsu, babu kuma abin kunya a ciki. Kada samarinmu su mai da lamba abin gasa. A majami'a ba wanda zai tambayi lambar da ke bakinka, abin da ya fito shi za a ji.

A lura kuma, lambobin kamfanoni ba ɗaya ba ne. Vandoren 2 ya kusa kai taurin Rico 2½. Saboda haka in an aiki mutum birni, a rubuta masa sunan kamfani da lamba a takarda. A rubuta masa kuma cewa na kilarinet ne mai alamar Bb, wadda ita ce kilarinet ta yau da kullum. Rid na saksafon ya fi faɗi, ba zai zauna ba. Mun san ikkilisiyar da aka kawo wa kwali guda na saksafon, aka rasa yadda za a yi da shi.

GWAJIN IDO

In an buɗe sabon rid, kafin a kai baki, a riƙe shi ta gindi. Kada a taɓa bakinsa da yatsa, domin kaurinsa a wurin bai wuce na takardar littafi ba, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita.

Da farko a ɗaga shi wajen taga ko gaban tocila. Za a ga bakin da gefe biyu suna wucewa da haske, tsakiya kuma akwai inuwa mai siffar rufin bukka, mai tsini sama. Wannan inuwa ita ce zuciyar rid. Ana so ta tsaya a tsakiya sosai, hasken dama da na hagu su zama daidai. In ta karkata gefe ɗaya, ɓangare ɗaya zai riƙa kaɗawa fiye da ɗayan, daga nan ne ƙarar nan mai tsini takan fito.

Na biyu, a dubi launi. Mai kyau yana da launin busasshen karan dawa da ya nuna, fari-fari mai ruwan zuma. In yana da kore-kore, karan bai gama bushewa ba. Dabbare-dabbaren da ke kan ɓawon, wajen gindi, ba aibi ba ne, kada a yar da rid saboda su.

Na uku, a dubi jijiyoyin karan. Ana so su tafi a miƙe daga gindi zuwa baki, a rarrabe daidai, ba su taru a gefe guda ba.

Na huɗu, a dubi bakin da kyau, ko akwai tsaguwa ko ɓantarewa. Tsaguwar da ido ke gani da ƙyar ta isa ta hana yaro barci. Rid da ya tsage ya gama aiki, ba a ɗinke shi, ba a manne shi.

Na biyar, a kwantar da shi a kan madubi ko gilashi, a danna gefe ɗaya sa'an nan ɗayan. In yana lilo, bayansa ya kumbura, iska za ta riƙa zurara ta gefe. Wannan yana da magani: a shimfiɗa farar takarda mai tsabta a kan gilashin, a goga bayan rid ɗin a kai a hankali, ban da wajen bakin. In kumburin ya yi yawa, sai a yi da takardar yashi mafi laushi, shafa biyu ko uku kawai.

Amma ido ba ya yanke hukunci. Mun ga rid mai kyan gani da ya ƙi kuka, mun kuma ga mummuna da ya yi wata guda yana hidima. Ido yana fitar da wanda ya lalace ne a fili. Sauran aikin na baki ne da kunne.

GWAJIN BAKI DA KUNNE

Busasshen rid ba ya kaɗawa sosai. A tsoma shi cikin ruwa mai tsabta minti ɗaya ko biyu. Murfin kwalba mai zurfi ko ƙaramin kofi ya isa. Sai a ɗora shi a bakin kilarinet, a daidaita shi tsakiya, yadda in an duba daga gaba za a ga baƙin layi siriri kamar gashi a saman bakin rid ɗin. A sa ƙarfen ɗauri a ƙasan inda aka fara sassaƙa, a ɗaure daidai yadda ba zai motsa ba. In aka matse ƙwarai, an shaƙe shi ke nan.

Kafin a busa, akwai gwaji mai sauƙi. A cire bakin kilarinet daga jikinta, a toshe ƙasansa da tafin hannu, a zuƙe iskar da ke ciki, a cire baki. In komai daidai ne, rid zai manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sa'an nan ya saki da 'yar ƙara, tas. In bai manne ba, iska tana zurara, ko dai bayan rid bai kwanta ba, ko kuwa bakin kilarinet ɗin ne ya ɓantare.

Sai a busa sautin G, wanda ake samu ba tare da an rufe ko rami ɗaya ba. A fara a hankali, a ƙara ƙarfi, a sake saukowa. Daga nan a rufe ramuka ɗaya bayan ɗaya har zuwa sautin ƙasa.

Rid da ya yi wa mutum tauri yakan nuna kansa haka: ana jin shuuu na iska tare da sautin, ba ya yarda a busa a hankali, mai busa yana cije baki, yana gajiya kafin a gama aya ɗaya ta waƙa. Wanda ya yi laushi da yawa kuwa yana kuka nan da nan, amma sautin siriri ne, yana zuza kamar ƙudan zuma cikin gwangwani, in an ƙara iska sai ya rufe gaba ɗaya. Wanda ya dace shi ne wanda ke amsawa da zarar harshe ya sake shi, yana yarda a yi ƙasa-ƙasa lokacin addu'a, a kuma ɗaga lokacin da jama'a suka tashi tsaye.

Wani abu da ya kamata malamai su lura da shi: yaranmu sun saba ganin mai algaita ya cika kumatu da iska, sai su kwaikwaya. Wannan daidai ne ga algaita, domin a kumatu yake ajiye iska yana numfashi ta hanci don kada busar ta yanke. Ga mai koyon kilarinet kuwa kumatu su kwanta, haƙoran sama su zauna a kan bakin, leɓen ƙasa ya rufe haƙoran ƙasa kaɗan. In yaro ya cika kumatu, rid mai kyau ma sai ya yi kamar marar kyau.

In an gwada rid uku ko huɗu duka sun ƙi, to a daina zargin kara. A nemi wanda ya iya ya gwada kilarinet ɗin da nasa bakin. Wataƙila fatun da ke ƙarƙashin maɓallai ne suka ci, abin da ya zama ruwan dare a kayan busa na hannu.

HUNTURU DA DAMINA

An yi rid ne a ƙasashen da iskarsu ba irin tamu ba ce. Mu kuwa lokacin da mawaƙanmu suka fi aiki, wato daga bikin godiya na kaka zuwa Kirsimati da Sabuwar Shekara, shi ne tsakiyar hunturu. Iskar da ke tsaga leɓe da diddige ita ce ke bi ta kan rid. Za a ga bakinsa ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganyen da rana ta buga. Kada a yar da shi. A ƙara masa minti biyu cikin ruwa, a danna bakin a hankali a kan gilashi da babban yatsa, zai miƙe. In wa'azi ya yi tsawo, rid ya bushe a kan kilarinet, mai busa ya jiƙa shi kafin waƙar baiko, kada ya jira sai an ɗaga hannu.

Da damina kuma matsalar fumfuna ce. Rid da aka rufe da danshi cikin leda yakan yi baƙi-baƙi. Wanda ya yi haka a jefar da shi, kada ya koma baki.

Ga ƙa'idodin da muka ɗora wa yaranmu. Kowa ya kasance da rid huɗu, ya sa musu lamba 1 zuwa 4 da fensir a baya, yana juya su kullum, domin kara yana son hutu. Sabon rid minti biyar kawai za a busa shi a kwanakin farko, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba a buɗe sabon rid ranar Lahadi da safe a shiga da shi sujada. In an gama, a kwance shi, a wanke da ruwa, a share, a mai da shi cikin 'yar robarsa. Ba a barinsa a ɗaure a kan kilarinet, ba a kuma barinsa a rana ko cikin mota mai zafi. A kurkure baki kafin busa, musamman bayan goro, gyaɗa, rake ko shayi mai sukari. A ƙarshe, ba a aron rid. Kara yana shan yawu, ta nan mura da tari da gyambon baki ke yawo. Ko kilarinet ɗaya ce yara uku ke koyo da ita, kowa ya riƙe nasa, a kuma wanke bakin tsakanin mutum da mutum.

KUƊIN BAIKO NE

Daga waje ake kawo rid, saboda haka kuɗinsa yana bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023, kwali guda ya zama abin da ma'ajin ikkilisiya zai yi tunani kafin ya sa hannu. Ga ikkilisiyar ƙauye kuwa akwai ƙarin wahala, domin sai an aika Kaduna, Jos, Abuja ko Legas. Kuɗin nan daga tiyar masarar gwauruwa ya fito, da kazar da wani ya kawo ranar godiya. Bai kamata a yi wasa da shi ba.

A nan ma mun yi kuskure. Mun taɓa samun wani mai sayarwa da ya ba mu kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani a rabin kuɗi. Muka yi murna. Da aka buɗe, wasu kore ne, wasu bakinsu a karkace, zuciyar wasu ma ba a ganinta. Cikin goma babu ko ɗaya da ya kai Lahadi biyu. Jabu ne. Araha ba ta ado. Kamfanin Vandoren da kansa yana gargaɗi a kan jabun kayansa, nasa na gaske kuma kowane rid a rufe yake cikin tasa takarda mai hana iska shiga. In kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, a yi hattara. In za a sayi ɗai-ɗai, a sayi wanda ba a buɗe ba, domin buɗaɗɗe yana iya zama wanda wani ya riga ya gwada ya ƙi.

Ikkilisiyoyin gunduma ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi kwali biyu ko uku su raba. Wanda ya fi sani a cikinsu shi za a aika.

Akwai kuma rid na roba. Wanda aka fi sani shi ne na kamfanin Légère na Kanada, wanda ya fara a 1998. Ba ya bukatar jiƙawa, hunturu da damina ba su dame shi ba, yana kuma yin watanni. Amma guda ɗaya yana kusan kuɗin kwali na kara, in yaro ya buga bakinsa a haƙori kuwa shi ke nan. Shawararmu ita ce mai koyo ya fara da na kara. In ya shekara, ya san lambarsa, ya iya riƙo, to ikkilisiyar da ke nesa da birni za ta ci riba in ta saya masa na roba guda ɗaya domin manyan ranaku.

KARA DA MUTUM

Wani zai ce, me ya kawo wannan dogon bayani cikin shafin ikkilisiya? A duba 1 Tarihi sura 25. A can an ƙidaya mawaƙan da Dawuda ya keɓe domin Haikali, su 288, an kuma nuna cewa horarru ne, malami da almajiri kowa da rabonsa na hidima. Manzo Bulus ma, a 1 Korantiyawa 14:7, ya yi misali da sarewa da molo, ya nuna cewa in sautukansu ba su fita a rarrabe ba, mai ji ba zai gane waƙar ba. Koyon aiki da kyau yana cikin sujada. Ba daidai ba ne mu miƙa wa yaro kayan aiki ba tare da koyarwa ba, sa'an nan mu hukunta shi.

Sai kuma Ishaya 42:3, wadda Matiyu 12:20 ya nuna ta cika a kan Yesu. Annabin ya ɗauki misalin kara ne da ya riga ya raunana, don ya nuna mana irin tausayin Bawan Ubangiji ga marasa ƙarfi. Mu masu busa, in rid ya tsage, jefar da shi muke yi, haka kuma ya kamata. Amma mutum ba rid ba ne. A cikin majami'unmu yau akwai yara da yawa daga Birnin Gwari da sauran wuraren da aka tarwatsa, waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wasunsu ba sa magana. In ɗayansu ya miƙa hannu ga abin busa, ko ganga, ko littafin waƙa, wannan ƙofa ce Allah ya buɗe mana. Kada mu rufe ta da gaggawar hukunci.

Yaron nan namu yanzu shi ne ke duba wa ƙananan rid ɗinsu kafin a fara koyon waƙa. Yakan ɗaga shi wajen taga kamar yadda ya ga Baba ya yi. Kwanan baya ya ce mana, in Allah ya sa suka koma gida aka yi girbi lafiya, zai yanko karan dawa mai kyau ya nuna wa yaran birni yadda ake tsaga harshe.

Dattawa da shugabannin mawaƙa, in akwai kilarinet kwance a ofishinku, ku fito da ita wannan mako. Ku dubi lambar da ke bayan karan, ku ɗaga shi wajen haske, ku kuma sake kiran yaron da aka karɓe ta daga hannunsa. Ubangiji ya ba ƙasar Birnin Gwari salama mai ɗorewa, ya kuma ba mu haƙurin koyar da 'ya'yanmu. Amin.